Filin Tambayoyin Manoma: Tsutsar Saiwa da Maganinta Daga Tsirrai

Wasiƙun wannan fitowar kusan duk sun karkata ga abu guda, wato ƙananan tsutsotsin nan na cikin ƙasa da masana ke kira nematodi, waɗanda ke kumbura saiwar tumatir, kuɓewa, tattasai, gauta da karas. Mun zaɓi guda shida, mun taƙaita su.

Tambaya: Ina noman rani a Kadawa. Tumatirina yana yin yaushi da tsakar rana ko da na ba shi ruwa da safe, sai yamma ya ɗan farfaɗo. Ganye ya yi rawaya, na ƙara takin zamani, babu canji. Da na tumɓuke ɗaya sai na ga saiwar duk ƙulli-ƙulli kamar carbi. An ce in fesa ruwan darbejiya, na fesa sau uku, shiru. Ko dai maganar darbejiyar nan zance ne kawai?

Malam, ba zance ba ne, sai dai ka zuba maganin inda cutar ba ta. Ka fesa ganye, ita kuwa tsutsar tana cikin saiwa.

Wannan da ka gani ita ce tsutsar kumburin saiwa, a littattafan kimiyya sunanta Meloidogyne. Ido ba ya ganinta, domin lokacin da take yawo a ƙasa tsawonta bai kai rabin milimita ba. Daga ƙwai take fitowa, ta bi danshin ƙasa har ta iske bakin sabuwar saiwa, ta huda ta shiga, ta kafa bakinta a wuri guda, daga nan ba ta sake motsawa. Yawun da take zubawa shi ke sa naman saiwar ya kumbura ya zame mata rumbu. Hanyoyin da ruwa da taki ke bi su hau sama sai su murɗe, shi ya sa shukar ke jin ƙishi alhali ƙasa a jiƙe take, kuma shi ya sa takin da ka ƙara bai yi komai ba. Mace ɗaya takan zuba ƙwai 300 zuwa 500, wani lokaci fiye, cikin wani abu mai yauƙi da ke manne a bayan saiwa yana kare su daga bushewa. A ƙasa mai ɗumi, daga ƙwai zuwa ƙwai mako 3 ne zuwa 4. Ka lissafa sau nawa za ta hayayyafa kafin ka gama ɗiban tumatir. Kuma raunin da take yi wa saiwa ƙofa ce ga cututtukan yaushi, su ne sau da yawa ke ƙarasa shukar.

Abin da ya kamata kowane mai lambu ya riƙe shi ne wannan: magungunan tsirrai suna cin tsutsar ne a ɗan lokacin da take waje, tsakanin fitowarta daga ƙwai da shigarta saiwa. Da zarar ta shiga, ta kuɓuce maka. Ƙullin da ya riga ya fito ba ya sacewa. Saboda haka aikin na kafin dashe ne, kuma a ƙasa ake yin sa.

Game da tumatirin da ke gonarka yanzu, ka tara masa ƙasa a gindi haɗe da ruɓaɓɓen taki don ya fitar da sababbin saiwoyi daga sama, ka riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, ka kwarara masa ruwan darbejiya a gindi yadda za mu bayyana a ƙasa. Za ka samu abin da ya samu. Ranar da ka gama ɗiba, kada ka bar kututturan a tsaye suna kiwon tsutsa. Ka tumɓuke su da saiwarsu, ka tara a gefe su bushe, ka ƙone.

Tambaya: Muna da itatuwan dogon yaro, wato darbejiya, da yawa a garinmu kusa da Maraɗi. Wane ɓangare ne ya fi ƙarfi, ganye ko 'ya'ya? Kuma nawa ake sakawa? Kowa da irin awon da yake faɗa.

Ƙarfin yana cikin ƙwayar 'ya'yan. Ganye na da nasa, amma bai kama ƙafarta ba. Sinadarin da aka fi sani a cikinta shi ne azadiraktin, tare da wasu 'yan uwansa masu ɗaci, waɗanda ke rage ƙyanƙyasar ƙwai, su kuma kashe wa ƙaramar tsutsar jiki ta kasa kai wa ga saiwa.

A fara da tsinta. A ɗebi 'ya'yan da suka nuna suka yi rawaya, a murje naman a wanke, a shanya a inuwa mai iska har su bushe ƙamas. Kada a zuba su a buhun leda da sauran danshi, za su yi funfuna. Ƙwayar da ta yi funfuna ta rasa ƙarfinta, kuma tana iya ɗauke da irin dafin da ke samun gyaɗa idan ta ruɓe. Buhun algarara ko kwando ya fi. Idan ka fasa ƙwaya ka ga cikinta ya yi baƙi, zubar da ita. Wadda ta shekara a ajiye ma ƙarfinta ya ragu sosai, gara a yi aiki da ta bana.

Hanya ta farko, wadda kuma muka fi amincewa da ita, ita ce cuɗa garin a ƙasa. Ana amfani da dakakkiyar ƙwaya, ko tunkuzar da ta rage bayan an matse mai. Awon da aka saba shi ne giram 100 zuwa 200 a kowace murabba'in mita, wato tan 1 zuwa 2 a hekta. Fangali mai faɗin mita 2 da tsawon mita 3 zai ci kusan kilo ɗaya. Idan an daka 'ya'yan da ɓawonsu ba a ɓare ba, a ninka awon, domin kusan rabin nauyin ɓawo ne. A barbaɗa, a kafta da fartanya ya shiga ƙasa kamar zurfin taƙi ɗaya, santimita 15 zuwa 20, inda saiwa za ta zauna. A ba da ruwa nan take, a ci gaba da riƙe danshin har mako 2 zuwa 3 kafin a yi dashe.

Wannan jiran shi ne inda mutane da yawa ke faɗuwa, ta fuska biyu. Wani zai zuba garin yau ya dasa gobe, garin na ruɓewa yana zafi, ya ƙone saiwar ɗan dashen, sai ya ce darbejiya ta kashe masa tumatir. Wani kuma zai zuba a busasshiyar ƙasa ya tafi, ya dawo bayan mako uku ya tarar da garin yadda ya bar shi. In babu danshi babu ruɓewa, in babu ruɓewa sinadarin ba zai fita ba. Danshin ne ma ke sa ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ta fito ta tarar da guba babu saiwar da za ta fake. Ruɓewar tana da wani amfanin kuma, tana ciyar da wasu ƙananan halittun ƙasa da ke cin tsutsar da ƙwanta. Tunkuzar kanta taki ce, don haka a ɗan rage yuriya a zubin farko.

Mun san tan biyu a hekta ba ƙaramin aiki ba ne ga mai tsinta da hannu. In abin da ke hannu kaɗan ne, a kashe shi a wuri biyu. Na farko wurin renon iri: gado mai faɗin mita 1 da tsawon mita 5 kilo ɗaya ya ishe shi, kuma daga nan ne yawancin gonaki ke kwasar cutar, domin ɗan dashen da ya bar gado da ƙulli ko guda uku a saiwarsa ya kai tsutsar duk inda aka kafa shi. Na biyu ramin dashe: cikin tafin hannu ɗaya, kamar giram 20 zuwa 30, a cuɗa da ƙasar ramin mako biyu kafin ranar dashe.

Hanya ta biyu ita ce jiƙo. Kilo ɗaya na dakakkiyar ƙwaya a jarka mai lita 20, a bar shi ya kwana, a girgiza da safe. Tunda a ƙasa za a zuba ba sai an tace ba, dusar ma ta bi. A kwarara kamar rubu'in lita a gindin kowace shuka ranar dashe da yamma, a maimaita bayan mako biyu, a sake bayan wasu biyun. Makonni shida na farko su ne masu muhimmanci. Shukar da ta kafa saiwa lafiya a cikinsu, ko tsutsa ta same ta daga baya, takan ba da amfani mai kyau. Jiƙon ba ya ajiyuwa, rana da zafi na lalata shi, na yau a ƙarar da shi yau.

Ganye kuwa sai da yawa: ɗanye, a yayyanka, kilo 1 zuwa 2 a murabba'in mita, a binne, a jira mako 3 zuwa 4.

Shawara ɗaya kan awo. Ka je wurin mai sikeli sau ɗaya, ka auna giram 200 na garinka, ka zuba a gwangwani ka yi masa alama da ƙusa. Daga ranar ka huta da kintace.

Tambaya: Ni uwargida ce a Damagaram, ina shuka kuɓewa da tumatir a buhuna cikin gida. Bara sun yi kyau, bana da na sake shuka a ƙasar sai suka tsumbure, saiwar ta kumbura. Maƙwabciyata ta ce in jiƙa tafarnuwa, wata ta ce tumfafiya. Wanne zan bi?

Hajiya, ke aikinki ya fi na mai hekta sauƙi, domin ƙasarki tana ɗaukuwa. Ki juye buhunan, ki tsince duk guntayen saiwa ki jefa a murhu. Ki yayyafa wa ƙasar ruwa ta yi danshi, ki zuba a farar leda mai nuna ciki, ki ɗaure, ki baje ta ta yi faɗi kada kaurinta ya wuce taƙi ɗaya. Ki ajiye a inda rana ke dukan ta tun safe har la'asar, ki riƙa juyawa, mako 3 zuwa 4. A zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, wannan kaɗai na kashe mafi yawan tsutsar da ƙwanta. Danshin wajibi ne, busasshiyar ƙasa ba ta kai zafi ciki. Buhunan da kansu ki wanke ki shanya, ko ki sake wasu.

Maƙwabciyarki ba ta yi kuskure ba. Tafarnuwa na da sinadarai masu ƙibiritu da ke kashe wannan tsutsa, har a Turai akwai maganin da aka yi wa rajista mai suna NEMguard wanda daga ruwan tafarnuwa aka yi shi. Tsadarta ce ta sa ba ma ba mai babbar gona shawararta, amma ga buhu goma ta yi. Ki daka giram 250 lukui, ki bar ta kamar minti 15 kafin ki sa ruwa, domin sai an farfasa ta sinadarin ke haɗuwa. Ki jiƙa a lita 5 na 'yan sa'o'i, ki shayar da ƙasar buhunan, ki jira mako guda sannan ki shuka. Kada ki dafa ta, wuta na kashe ƙarfin. Kada kuma ki zuba mai kauri haka a kan tsiron da bai wuce ganye huɗu ba.

Tumfafiya ma tana aiki idan an yayyanka ganyenta an binne ya ruɓe, amma ba mu so ki shigo da ita gidan da ke da yara. Farin ruwanta in ya shiga ido yana iya yi masa mummunan lahani. Mai yin ta a gona ya sa leda a hannu, ya yanka iska na bayansa, ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa fuska.

Tambaya: Na tumɓuke wakena a Gumel na ga ƙulle-ƙulle a saiwa. Tsutsar ce ta kama shi?

Wataƙila alheri ka gani. Wake da gyaɗa da waken suya suna da ƙullin da ke tara musu taki daga iska. Ka murza da yatsa: in ya ɓalle ya bar saiwar sumul, kuma da ka fasa shi cikinsa ja-ja ne, na kirki ne, ka bar abinka. Na tsutsa ba ya ɓallewa, domin saiwar ce da kanta ta kumbura, sai dai ka karya ta. Wake na iya ɗaukar duka biyun, don haka ka duba shuka biyar zuwa goma daga wurare daban-daban, musamman inda ya tsumbure.

Tambaya: Wani malamin gona ya ce marigol, wani furen ado mai launin rawaya ko ruwan lemo, na korar tsutsar. Na shuka shi layi-layi a gefen tattasaina a Ɗanja, amma saiwar ta kumbura kamar kullum. Ina kuskuren?

Malamin ya faɗi gaskiya, tsarin shukar ne bai dace ba. Marigol ba ƙamshinsa ke aiki ba. Tsutsar ce ke shiga saiwarsa tana zaton abinci, ta haɗu da wani sinadari a ciki, ta mutu ko ta kasa yin ƙwai. To in ga saiwar tattasai a kusa, me zai kai ta can? Wannan halitta a rayuwarta duka da ƙyar take tafiyar da ta kai mita ɗaya da kanta, layin da ke bakin fangali bai san da ita ba.

Yadda ake yi shi ne a ba marigol filin shi kaɗai, a cike shi, tazarar santimita 20 zuwa 30 tsakanin shuka da shuka, ya yi wata biyu zuwa uku, sannan a sare a binne a yi dashe. A damina ya fi dacewa, kafin aikin rani. Dole a yi masa noma tsaf, domin ciyayi irin su alayyafon daji na ciyar da tsutsar a ƙarƙashinsa, su ɓata aikin gaba ɗaya. Kuma kariyar ta zango ɗaya ce, in ka yi tattasai sau biyu a jere za ta dawo. Nau'o'in marigol ma ba ɗaya suke ba, ka fara gwadawa a fangali biyu.

In ba za ka iya ba fure fili wata uku ba, to ka juya shukar. Gero, dawa, riɗi, albasa da tafarnuwa ba sa kiwata ta kamar yadda tumatir, kuɓewa, gauta, latas da kankana ke yi. Tumatir bayan kuɓewa ba juyi ba ne, tuwo ɗaya ne aka sake wa kwano.

Tambaya: Mu ƙungiyar manoma ce a kusa da Zariya. Muna jin ana maganar ganyen kabeji, ruwan rogo, zurma, taba, har da shuwaka da gwanda. Dattawanmu kuma sun ce a koma wa Furadan, maganin ƙwari na kanti, a huta. Wanne ke aiki da gaske, kuma ta yaya za mu gane?

Jama'a, bari mu fara da Furadan. Yana kashe tsutsar, babu musu, amma guba ce mai tsanani ga mutum, kaji, tsuntsaye da kifi, tana bin ruwan fadama, kuma Tarayyar Turai ta haramta ta tun 2008. A lambun da ake tsinkar kaya duk bayan kwana uku, yara na shiga ba takalmi, ba mu yarda da ita ba.

Ganyen kabeji na cikin waɗanda suka fi tabbas. Idan aka farfasa shi yana sakin wani tururi mai yaji wanda ke kashe tsutsa a ƙasa. Ku tara ganyen waje da ake zubarwa bayan yanka, ban da saiwa, kilo 3 zuwa 5 a murabba'in mita. Ku sassara shi ƙanana sosai, ku binne nan take, ku ba da ruwa, ku rufe da leda ku danne bakinta da ƙasa. Bayan mako biyu a yaye, a bar ƙasar ta sha iska kwana uku zuwa biyar. Tururin gudu gare shi: wanda ya sassara da safe ya binne da yamma, rabin maganinsa ya tafi sama.

Ruwan da ake matsewa daga rogo mai ɗaci wajen yin garin kwaki, manoman arewa maso gabashin Brazil sun daɗe suna amfani da shi. Sabo ake so, na ranar, a haɗa da ruwa daidai wa daida, a zuba lita 2 zuwa 4 a murabba'in mita, a jira kwana 8 zuwa 10. Gubar da ke sa ɗanyen rogo ya kashe akuya ita ke aikin, saboda haka a nisanta shi da dabbobi, da rijiya, da kududdufin kifi, kuma kada a ajiye shi a ɗaki rufe.

Tunkuzar zurma tana aiki da awo irin na darbejiya, sai dai ƙwayar zurma na da dafin da ke kisa. Kada a daka ta a turmin abinci, kada a bar ta a fili inda kaji ko yara za su kai. Taba kuwa ku bar ta kwata-kwata. Ruwanta na shiga jiki ta fata, kuma tana iya kawo wa tumatir da tattasai cutar da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare ya nannaɗe.

Shuwaka, gwanda, zogale da ire-irensu, za ku ji an ce bincike ya nuna suna kashe tsutsar. Yawancin irin wannan gwaji a ɗan faranti ake yin sa, tsutsar na iyo tsundum cikin ruwan ganyen, ko a tukunyar shuka. Gona daban take: ƙasa na tsotse sinadarin, ban-ruwa na wanke shi, musamman a jigawa inda tsutsar ta fi yawa. Binne ganyensu ba asara ba ne tunda taki ne, amma kada ku jingina amfanin shekara a kansu.

Ko mafi kyawun waɗannan rage tsutsar yake yi, ba ya ƙarar da ita, don haka a haɗa da irin da ke jure mata. A kan gwangwani ko fakitin irin tumatir ku nemi harafin N, kamar VFN. Mai VF kawai ba shi da wannan kariya. Ita ma kariyar tana raunana idan zafin ƙasa ya wuce digiri 28, shi ya sa dashen farkon sanyi ya fi cin moriyarta, kuma rufe gindi da ciyawa na taimakawa. Ku lura da ruwan da ke gangarowa daga fangalin mai cutar zuwa na ƙasa da shi, da laka a jikin fartanya da garma, domin ta nan take yin tafiyar da ba za ta iya da kanta ba.

Gane mai aiki kuwa, tunda ƙungiya ce ku, kuna da damar da mutum ɗaya ba shi da ita. Ku zaɓi fili ɗaya da kuka san yana da cutar, ku yanka fangula goma sha biyu. Uku darbejiya, uku kabeji, uku duk abin da kuke son gwadawa, uku kuma kada a sa musu komai. Ku warwatsa su, kada masu magani ɗaya su jeru a gefe guda, domin tsutsar tsibi-tsibi take zama a gona. Iri ɗaya, ranar dashe ɗaya, ruwa ɗaya. Bayan mako shida ku haƙo shuka biyar daga kowane fangali da fartanya, kada a fizge, a wanke saiwar a bokiti, a jera a kan buhu. Ku ba kowace maki daga 0, wato babu ƙulli, zuwa 5, wato duk ta kumbura, ku rubuta. Lokacin ɗiba kuma a ƙirga kwandunan kowane fangali daban. In kuna son sanin ainihin nau'in da ke ƙasarku, ku kai saiwar da ƙasar gindinta cikin leda, ba tare da rana ta buge su ba, sashen kare amfanin gona na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ga ta nan kusa da ku.